Bargar horar da doki da mahayi a gefen Kufena

Mai doki a Zariya da ya gaji da ganin dabbarsa tana kokawa da linzami, akwai wata barga a bayan Wusasa, ta wajen dutsen Kufena, da ya kamata ya leƙa. Ba ƙwallon dawaki ake koyarwa ba, ba kuma sukuwa da zamiya irin ta hawa ba. Mai wurin yana horo ne a kan tsarin gasar nan mai rukuni uku: tafiyar ladabi a cikin fili, ratsa daji a sukwane ana tsallake gungume da rami da ruwa, sai tsallaken sanduna. Sojojin doki na Turai ne suka faro ta, ta kuma shiga wasannin Olimfik a Stockholm a 1912. Na kai masa ingarmana bidi da muke hawan Sallah da shi, tare da ɗana mai shekara 14, saboda dokin ya ɗauki halin fizgar kai da wangale baki.

Kafin ya bari kowa ya hau, sai da ya zare linzaminmu, ya sa babban yatsa a gefen bakin dokin, a gurbin da ke tsakanin haƙoran gaba da turame. "Alhaji, taɓa nan," in ji shi. Dasashin ya yi kanta, gefe guda kuma akwai tsohon tabo. Ya ce doki mai irin wannan baki ba taurin kai yake yi ba, gudun zafi yake. Ya tura ni asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru aka duba haƙoran, sannan ya sa masa linzami mai gaɓa biyu wanda ba ya danna harshe da ƙarfi. Kaimin yaron ma ya karɓe ya rataye.

A nan nake ganin kuɗin mutum ke halatta. Filin ladabin mita 20 ne a faɗi, 40 a tsawo, kamar yadda yake a ƙa'ida, an rubuta haruffan A, K, E, H, C, M, B, F a jikin tsofaffin gwangwanayen fenti an jera su a gefe. Malam, wato mai wurin, yakan tsaya a tsakiya da doguwar igiya, doki yana kewaya shi, yaro yana bisa ba linzami a hannunsa, ya buɗe hannuwa, har sai zamansa ya daidaita. Da ya miƙa masa linzamin, kullum maganarsa ɗaya ce: "Ɗana, hannunka ba turke ba ne." Daga tafiya a koma sassarfa daidai kan harafin E, a tsaya cak a tsakiyar fili da ƙafafu huɗu a jere, a zana da'ira mai faɗin mita 20 wadda ba ta karkace ba. Makonni suka wuce ba a tsallake ko kara ba. Mai gaggawa ba zai ji daɗin wurin nan ba, amma ni da idona na ga wuyan dokin ya sauko, bakinsa ya rufe, yana tsayawa da zarar yaron ya danna zamansa a sirdi.

Tsallaken ma daga ƙasa aka fara. Ana shimfiɗa sanduna da tazarar mita ɗaya da ɗan ɗoriya, doki ya ratsa su da sassarfa, daga baya a giccia biyu a ɗaga kaɗan. A gasa, sanda ɗaya in ta faɗi makin laifi 4 ne a kanka, don haka yana matsa wa yara su ƙirga taku kafin shinge, su rage tsawon likkafa, su ɗaga jiki su saki wuyan doki. Sirdinmu mai tudu gaba da baya ba ya wannan aikin. Yana ba da aron na Turawa, sai dai ba su da yawa, ɗaya ma ɗinkinsa ya fara saki, kuma na faɗa masa.

Ratsa dajin ne bai gamsar da ni ba. Gungume ne 'yan kaɗan, da tsofaffin tayoyi, da rami guda. Ruwa kuwa sai damina. Da hunturu ya kama, ƙasar wajen takan bushe ƙau, sai ya hana sukuwa don kada jijiyoyin ƙafa su taɓu. Hukuncin daidai ne, amma ma'anarsa wannan rukuni 'yan watanni ake samunsa a shekara, alhali kuɗin wata ba ya raguwa. Abin da ya fi damuna shi ne kariya. Shingen daji ba ya faɗuwa in doki ya buge shi, shi ya sa a gasa dole mahayi ya sa hular kwano da rigar kare ƙirji da baya. A nan rigar babu, hulunan kuma karɓa-karɓa ake yi da su, wata ta yi wa yaro yawa tana rawa a kansa. Wannan ba abin sakaci ba ne a wurin da ake ɗora 'ya'yan mutane a kan ingarma.

Bargar kanta tsaf take, ana kwashe kashi safe da yamma, ba a barin doki ɗaure a turke yini guda. Harawa da dusa da kanwa ko ka kawo naka ko ka biya, kuma in aka haɗa da kuɗin horo abin yana da nauyi. Darasi bayan asuba ne da bayan la'asar. Hanyar shiga tana cin mota in an yi ruwa, babur ya fi.

Wanda zai kai yaro, ya fara zuwa ranar Asabar ya kalli darasi guda, Malam ba ya hanawa. Ya saya masa hular da ta yi masa daidai tun daga gida, ya kuma fara da rani, yadda kafin ruwa ya sauka an gama aikin fili, ƙasar daji ta yi laushin da za a iya sukuwa.