Wuni guda a ramin kwal na Portal 31 da gidan tarihin Benham

Shekara biyu na yi ina karatu a Lexington, jihar Kentucky ta Amurka, ban taɓa leƙa yankin kwal ba, sai da wani abokin karatuna, jikan mai haƙar kwal, ya matsa mini lamba mu je gundumarsu ta Harlan. Tafiyar kusan awa uku ce a mota, ƙarshenta hanya ce mai lanƙwasa tsakanin tsaunuka. Wurare biyu muka biya kuɗi muka shiga, gidan tarihin kwal na Benham da ramin Portal 31 da ke Lynch, garuruwa biyu maƙwabtan juna. Tun daga farko zan faɗa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ginin gidan tarihin tsohon kantin kamfani ne. Kamfanin International Harvester ne ya kafa Benham a 1911, ya gina wannan kanti a 1923. Akwai fitilu, hulunan kwano, diga da shebur, har da ɗan rami na gwaji a ƙasan bene. Amma inda na daɗe a tsaye shi ne gaban wasu 'yan sulalla na ƙarfe, kowanne da sunan kamfani a jikinsa. Abokina ya ce da irinsu kakansa yake cefane. Idan lebura ya ci bashin albashi kafin ranar biya, su ake ba shi, kuma a kantin kamfani kaɗai suke da cikakkiyar daraja. Gidan da kake kwana na kamfani ne, asibiti nasa, makarantar 'ya'yanka tasa, kuɗin aljihunka ma nasa. Ranar da ka ɗaga murya, aiki da muhalli za su tafi tare. Na sha karanta wannan a takarda, amma sai da na ga sulen da idona abin ya shiga raina sosai.

Shi ya sa labarin Evarts, wani garin kwal a gundumar ta Harlan, ya zauna mini daram. A farkon 1931 aka zaftare kashi 10 cikin ɗari na ladan ma'aikata, aka kori masu shiga ƙungiyar ƙwadago daga gidajensu. Ranar 5 ga Mayu aka yi musayar wuta tsakanin mahaƙa da dogaran kamfani, mutum huɗu suka mutu. Nan take na tuna mahaƙa 21 da aka harbe a Iva Valley ta Inugu a 1949.

Daga nan muka wuce Lynch, garin da wani reshen kamfanin US Steel ya kafa a 1917. A ganiyarsa ya tara mutum kusan 10,000, daga Italiya, Hungary, Poland da sauransu, da baƙar fata masu yawa da suka taso daga Alabama. A Portal 31 an zaunar da mu cikin ƙananan taragai, muka gangara kan layin dogo zuwa cikin dutse. Sanyi ne ya fara tarbar mu, ga danshi, ga rufin ramin kusa da kai. A kowane zango akwai mutum-mutumi masu motsi da magana, suna nuna yadda aikin ya tashi daga diga da alfadari ya koma na injina. Da farko na ɗauka abin yara ne, amma da muka yi nisa, hasken ƙofa ya ɓace a bayanmu, sai na ji kowa ya yi tsit. A 1923 mahaƙan Lynch sun fitar da tan 12,820 na kwal cikin awa tara, abin da ba a taɓa yi ba a duniya a lokacin. Ina cikin duhun nan ina tunanin huhun da suka shaƙi ƙurar wannan rana.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne jin sunayen 'ya'yan wurin. Bernie Bickerstaff, wanda ya horar da ƙungiyoyin ƙwallon kwando a gasar NBA, a Benham aka haife shi a 1944. William H. Turner, masanin tarihin baƙar fatar tsaunukan Appalachia, ɗan Lynch ne, ɗan mai haƙar kwal. Sun taso lokacin da makarantun baƙaƙe daban suke da na farare, kuma ta Lynch sai a 1963 aka haɗe ta. Daga garin Harlan kuma akwai Wallace Jones, wanda ya ciyo zinare a ƙwallon kwando a gasar Olamfik ta 1948. Mutanen nan suna alfahari da nasu ƙwarai, kuma sun cancanta.

Ga mai niyyar zuwa: a kira a tabbatar da lokacin buɗewa, musamman a hunturu. A riƙe rigar sanyi ko da bazara ce. Turancin mutanen tsauni yana da nauyi a kunne, sai an kasa kunne sosai. Musulmi ya tafi da guzurinsa, don mu dai da biredi da soyayyen dankali muka wuni. A ɗaga kai kuma a dubi rufin gidan tarihin, inda aka kafa farantan sola a 2017 don rage kuɗin wuta.

Gundumar da ta haura mutum 75,000 a 1940 ba ta kai 27,000 ba a ƙidayar 2020, kuma kana ganin haka a rufaffun shaguna. A hanyar komawa abokina ya tsayar da mota kusa da Cumberland, ya nuna mini layin dogon da ma'aikatan kamfanin Blackjewel suka tare a Yulin 2019, bayan cekin albashinsu ya dawo babu kuɗi. Kusan wata biyu suka yi zaune a wurin, suka hana jirgi cike da kwal wucewa.