Hattara da mai sayar da babur da ke cewa "sai ɗan gida zan sayar wa"

'Yan'uwa mahaya manyan babura, don Allah ku karanta wannan har ƙarshe, ku kuma tura wa duk wanda kuka san yana cigiyar babur na hannu a intanet. Akwai wani mutum, ko gungun mutane, da ke yawo a zaurukan masoya babur yana tallata kayan da ba nasa ba. Ya ci kuɗin ƙanina, kuɗin da yaron ya shekara biyu yana tarawa. Ba barazana ya yi masa ba, ba kutse ya yi wa asusunsa ba. Da son da yake yi wa Harley-Davidson ya kama shi, har ya tura kuɗin da hannunsa yana godiya.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane yadda abin ya shiga. Ni da ƙanina mun daɗe muna musu a kan babur. Ni Yamaha FJR1300 nake hawa, irin da ake kira sifot turin, wato babur mai jinin tsere da aka gyara domin dogon zango. Silinda huɗu a jere, ƙarfin doki 140 da ɗoriya, tanki mai cin lita 25, gilashin tare iska da ake ɗagawa da maɓalli, akwatunan kaya a gefe biyu, kuma shaf ne ke juya tayar baya, ba ruwanka da shafa wa sarƙa mai. Zaman kansa da ɗan sunkuyo gaba, ƙafafu a ƙarƙashinka, idan ka zo kwana ka kwantar da shi ya bi ka. Shi kuwa ƙanina kuruza ce a ransa tun yana ƙarami, wato babban babur na tafiya a natse, kuma a cikin kuruza Fat Boy ta Harley-Davidson. Sirdi a ƙasa, bai kai santimita 70 ba, ƙafafu a miƙe gaba, hannuwa a ware, silinda biyu masu siffar V suna bugawa kamar zuciya. Ƙarfin jansa tun daga ƙasa yake zuwa, ba sai ka matsa wa inji ba. Ya haura kilo 300, kuma kafin ka kwantar da shi digiri 30 a kwana matakin ƙafa ya fara kartar kwalta. Ni nakan ce masa wannan kayan ado ne. Shi yakan ce nawa injin wanki ne mai taya, ba rai a cikinsa.

Gaskiyar magana, ba aiki ɗaya aka ƙera su su yi ba. Mai son ya ci kilomita 700 a yini ya sauka bayansa lafiya, iska ba ta dake shi a ƙirji ba, sifot turin ne nasa. Mai son tafiya a natse, ya ji bugun inji a jikinsa, ƙafarsa ta taka ƙasa sosai idan ya tsaya, kuruza ce tasa. Wannan na sani tun da daɗewa, amma ban taɓa faɗa masa haka ba, kullum sai kushe. Abin da ya jawo ke nan ranar da na zo da gargaɗi na gaskiya, bai ji ni ba.

Son da mutanen Harley ke yi wa kamfaninsu ba a banza ya zo ba. A 1903 aka kafa shi a Milwaukee ta jihar Wisconsin. Ya shiga hannun kamfanin AMF a 1969, ingancinsa ya yi ƙasa, baburan Japan suka cika kasuwa, har 1981 da manyan ma'aikatansa goma sha uku suka haɗa kuɗi suka fanso shi. A 1983 gwamnatin Ronald Reagan ta ɗora haraji mai nauyi a kan manyan baburan da ake shigowa da su Amurka, masu inji sama da cc 700, domin kamfanin ya samu ya numfasa. A wannan shekarar dai aka kafa ƙungiyar masu Harley, H.O.G., mai rassa a ƙasashe da dama. Tun daga nan wanda ya sayi Harley ba babur kawai ya saya ba, ya shiga dangi ne. Akwai masu zana tambarin kamfanin a fatar jikinsu. Kamfanin ma ya taɓa neman a yi masa rajistar ƙarar injinsa a 1994, kafin ya janye a 2000. Ban ga aibu a wannan zumunci ba. Amma ɗan damfara ya yi nazarinsa sarai, ya san ƙofar da ake shiga.

Tallar da ƙanina ya gani ta baƙar Fat Boy ce, wai ƙirar 2019, tafiyarta kaɗan, a kan kuɗin da bai wuce rabin abin da irinta ke yi ba. Hotuna tsaf, har da rigar fata mai bajon ƙungiya a rataye a kan sirdi. Da ya yi wa mutumin magana, bai fara da ciniki ba. Tambayarsa ya yi yaushe ya fara son Harley, wane inji ya fi burge shi. Sun kwana uku suna hira a kan injinan Harley, Evolution na 1984 da Twin Cam na 1999 da Milwaukee-Eight. Sannan ya kawo labarinsa: wai babur ɗin na yayansa ne da ya rasu, shi kuma aiki ya kai shi wata ƙasa, kayan na ajiye a rumbun wani kamfanin sufuri. Na karanta saƙon da idona a wayar ƙanina. Ya rubuta: "Ɗan'uwa, dillalai sun taya da tsada na hana. Ba kuɗi nake nema ba. So nake ya je hannun ɗan gida, wanda zai riƙe shi yadda marigayi ya riƙe."

Ku lura da abin da wannan magana ta yi. Ta amsa tambayar araha tun kafin a yi ta. Ta kuma mai da bincike abin kunya, don wa zai tsare mai makoki da tambayar takardu? Da ƙanina ya zo mini da murna, na ce masa kada ya tura ko sisi sai ya ga babur yana aiki a kiran bidiyo. Ya dube ni ya ce, "Yaya, da BMW ce ko Yamaha ai ba za ka ce haka ba." Ashe mutumin ya riga ya shirya shi. Ya gaya masa masu hawan baburan Japan za su hana shi saboda hassada, kada ya yawaita shawara da su. So hana ganin laifi, ni kuma shekarun da na yi ina kushe zaɓinsa su suka toshe masa kunne. Wannan kason laifin nawa ne, kuma yana damuna har yau.

Kuɗin kashi uku suka fita. Na farko kafin alƙalami, wai don a sauke talla saboda wani na jira. Na biyu na sufuri, ta wani shafi da ya ce kamfanin riƙon amana ne, ba zai saki kuɗi ba sai kaya sun iso. Shafin na da tambari, da lambar bin sawun kaya, da taswira mai nuna inda akwati ya kai, amma asusun da aka ba shi na mutum ɗaya ne, da sunan da bai yi kama da na kamfanin ba, bai kuma yi kama da na mai sayarwa ba. Na uku wai inshora ce da za a mayar masa. Da aka zo na huɗu, wai kwastan sun tsare kaya a biya cikin awa 24, jikinsa ya yi sanyi, ya kawo mini wayar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne minti goma ya isa a gano ƙaryar tun ranar farko. Yawancin baburan zamani suna da lambar shasi mai gurbi 17, tsarin da aka fara aiki da shi a 1981, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta. Guraben uku na farko suna nuna kamfani: 1HD ko 5HD na Harley ƙirar Amurka, JYA na Yamaha, JH2 na Honda, WB1 na BMW. A baburan Harley da duk wanda aka ƙera domin kasuwar Amurka, gurbi na goma shekarar ƙira ce. J na nufin 2018, K na nufin 2019. Na ɗora yatsa a kan lambar da ke takardar babur da mutumin ya turo, na ƙirga zuwa goma, sai ga E. Wato 2014. An goge shekarar a takarda an sauya, an manta da lambar. Hotunan ma sun faɗi haka ga mai kallo da idon basira. A 2018 aka sake wa Fat Boy fasali gaba ɗaya: sabon shasi, injin Milwaukee-Eight, sabon gidan fitila, da tayar baya mai faɗin milimita 240. Wadda ke cikin hoton tana da tsohuwar fitila zagayayya da taya mai milimita 200. Ƙanina ya san wannan bambanci fiye da ni, zai iya zana shi a takarda. Zumuɗi ne ya hana shi dubawa. Da na sa hoton a manhajar neman hoto, sai ga shi a tsohuwar tallar wani dillali a wata nahiya, an sayar da babur ɗin tuntuni.

Kada mu masu sifot turin mu ce wannan ciwon mutanen kuruza ne. Bayan mako biyu, a zauren da nake ciki, wani ya sa BMW R 1250 RT a farashi mai sauƙi. Suna daban, hoto daban. Na yi masa magana don in gwada, sai ga waƙar da aka shirya wa irinmu: shi ba ya son masu hayaniya da ƙyale-ƙyale, yana neman wanda ya san darajar shaf da injin boksa, mai silinda biyu a kwance hagu da dama, wanda ya san BMW tun R 32 ta 1923 take kan wannan tsari. Ya yabi FJR ɗina, ya ce daga ji na san abin da nake yi. Wallahi na ji daɗin maganar kafin na tuna abin da ya kawo ni. Da na nemi hanyar biya, shafin riƙon amanar nan ne dai, asusun nan ne dai. Mu da muke ganin da lissafi muke sayen babur, ta wannan alfahari ake kama mu.

Yana da wata dabara kuma da ba ta neman kuɗi da farko. Sai ya ce ku yi musaya, ka ba shi sifot turin ɗinka ya ba ka kuruza, ko akasin haka, tunda ya san da yawanmu na da sha'awar ɗanɗana ɗaya ɓangaren. Zai nemi hotunan babur ɗinka ta kowace kusurwa, da lambar shasi, da takardun mallaka, da katin shaidarka. Daga nan ya ɓace. Da kayanka zai je ya damfari wani, kuma sunanka ne a takardun da wanda aka cuta zai kai wa 'yan sanda.

Saboda haka duk wanda zai sayi babur daga nesa, ya nemi kiran bidiyo kai tsaye, ba bidiyon da aka turo ba. Ka ce mai sayarwa ya rubuta kalmar da ka zaɓa da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da lambar da aka buga a wuyan shasi, ka karanta da kanka, ka gwada da ta takardu. Ya taɓa salansa da hannu ka ga a sanyaye take, sannan ya tayar. Mai babur na gaskiya ba ya jin haushin wannan, don shi ma ya taɓa saye. Wanda ya ce babur na rumbu, ko layin intanet ba kyau, ko ya ce tambayarka ta ɓata masa rai alhali ku 'yan'uwa ne, ka rabu da shi nan take. Ka kai lambar shasin wurin dillalin kamfanin na hukuma ko ofishin rajistar ababen hawa a duba maka. Idan ba za ka iya zuwa ba, ka biya bakanike da kai ka samo, ba wanda shi ya nuna maka ba, ya je ya gani. Bajon ƙungiya da katin zama memba ba shaidar mallakar babur ba ne, hoto ne da kowa zai iya kwafa. Kuma kada kuɗi su bi ta katin kyauta, ko kuɗin kirifto, ko asusun wani mutum na uku, don waɗannan hanyoyi da wuya a dawo da abin da ya bi ta cikinsu.

Wanda ya riga ya faɗa, ya kira bankinsa a ranar, ba gobe ba, ya ajiye duk saƙonni da rasit, ya kai rahoto. Ya kuma shirya wa kira na biyu. Kwana huɗu bayan mun kai namu rahoton, wani ya rubuto wa ƙanina wai shi ƙwararre ne a ƙwato kuɗin damfara, a biya shi ladan somin aiki. Ya san adadin da aka ci daidai, abin da ba mu gaya wa kowa ba sai banki da 'yan sanda.

Har yanzu ba mu ga ko kwabo ba. Ƙanina ya daina buɗe zauren da yake yini a ciki, ni kuma na yi masa alkawarin duk ranar da ya sake tarawa, tare za mu je mu ga Fat Boy ɗin da ido, in riƙe masa fitila ya ƙirga lambar. Shekaranjiya wani ya turo mini tallar ta sake fitowa da sabon suna. Baƙar Fat Boy ce dai, da rigar fata a kan sirdi, sai dai wannan karon wai mahaifin mai tallar ne ya rasu ya bar ta.