Hattara da mai "gwajin nono" da ke yawo a rugage

Makiyayan yankin Ringim, Taura da Garki, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke zagaya rugage a babur, da farar riga irin ta likitoci da filas ɗaure a baya, wai daga madarar saniya yake gane mai haihuwa da juya.

Sai ya sa a tatso masa madara a kofinsa, ya ɗiga wani magani. In ta yi baƙi-baƙi sai ya girgiza kai ya ce, "Baffa, wannan mahaifarta ta mutu." Maganin aidin ne, kuma tun daga gida ya shafa ɗan sitaci a gindin kofin. Ko ruwan rijiya ka zuba, haka zai rine. Daga nan sai ya ce ko ya kawo mai sayenta a wulaƙance, ko a biya kuɗin allurar barbara, wato a ɗura mata maniyyin bijimin Firiziyan, irin shanun Turai masu yawan madara, kuɗi hannu.

Abin da ke sa ake yarda da shi, maganar tana da ƙanshin gaskiya. Masana na auna sinadarin furojestaron a madara wajen kwana 21 zuwa 24 bayan barbara, don a gane ko saniya ta ɗauka. Amma da kayan gwaji na musamman ake yi, kuma ba ya yanke hukuncin cewa saniya juya ce. Shi kuma maniyyin bijimi, cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri ake ajiye shi. Maniyyin da ya wuni a filas ɗin ƙanƙara cikin ranar Jigawa ai ya daɗe da mutuwa. Kafin saniya ta sake neman bijimi bayan sati uku, mutumin ya sauya layin waya.

Yawan madara ma da yake kwaɗaita wa mutane, ba shi ne haihuwa ba. Shanun Turai da aka yi ta zaɓa saboda madara kaɗai, haihuwarsu baya ta yi. Bunajinmu kuwa, wato farar saniyarmu ta gida, sau tari yunwar rani ce ke hana ta ɗaukar ciki, ko cutar bakkale in tana yawan ɓari.

Mai son haɗa iri ya nemi likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, ko ya yi tambaya a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya. In mutumin nan ya iso rugarku, ku miƙa masa ƙwaryarku ya yi gwajin a ciki, a kuma sanar da Arɗo da mai unguwa.