Awa uku a Kolosiyam tare da jagora: na shiga da ra'ayi, na fito da wani

Aiki ne ya kai ni Italiya. Da ya rage mini kwana biyu kafin jirgi, na ce ba zan bar birnin Rum ban leƙa Kolosiyam, katafaren filin wasan Rumawan da, ba. Ta intanet na sayi tikiti a wajen wani kamfanin yawon buɗe ido: zagayen awa uku da jagora, har da ramukan ƙarƙashin ginin, sannan tsohon dandalin Rumawa da ke gefensa. Kuɗin ya ninka na tikitin ƙofa fiye da sau biyu.

Bari in fara sauke abin da ya ɓata mini rai. An ce mu hallara ƙarfe tara, muka yi ta tsayuwa a rana ana jiran mutum biyu har wajen goma saura. 'Yar rediyon da aka rataya mana a wuya don jin muryar jagora kuwa, tawa sai ƙara take yi kamar ana suyar ƙosai, sai da na manne wa matar da ke mana jagora kamar ɗan goyo kafin in ji abin da take faɗa. Lokacin da aka ɓata da safe a ƙarshen zagayen aka fanshe shi, aka bi da mu dandalin da gudu-gudu.

Amma matar ta san aikinta. Sarki Vespasian ne ya fara ginin, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 miladiyya da wasanni na kwana 100. Tsayinsa wajen mita 48, ƙofofi 80, yana cin mutum kusan 50,000. Wannan duk ana iya karantawa a waya. Abin da ba zan gani da kaina ba shi ne ramukan da suka cika jikin bangon, kamar gara ta ci. Na ɗauka harsashi ne. Ashe ƙarafa ne Rumawa suka ɗaure duwatsun da su, mutanen baya suka bi suka ƙwaƙule suka narkar. Girgizar ƙasa ta 1349 ta kayar da bangon waje na kudu, daga nan wurin ya zama ma'ajin dutse na kyauta, masu mulki suna kwasa suna gina fadodi da coci-coci, har sai da Fafaroma Benedict na 14 ya keɓe shi a matsayin wuri mai tsarki a 1749.

Ni da na tashi a gidan ƙasa, tunanina ɗaya ne tun daga bakin ƙofa: mutanen nan suna da kuɗi, suna da injiniyoyi, me ya hana su mayar da rabin da ya zube? A wurinmu ginin da ba a yi wa yaɓe damina biyu uku ya tafi, gyara shi ne ransa. Na tambaye ta haka. Ta yi murmushi, ta ce in riƙe tambayata sai mun fita.

Da muka fita ta tsayar da mu a ƙarshen bangon da ya tsira, ta gabas, inda wani ƙaton tokari na jan bulo ya dafe shi. Wani masanin gine-gine, Raffaele Stern, ne ya yi shi a wajen 1807. Ku duba bakunan da ke jikinsa, in ji ta. Na duba. Duwatsun saman bakan sun goce, wasu sun zamo ƙasa suna shirin faɗuwa, kuma a haka aka cike ƙarƙashinsu da bulo aka bar su. Bai miƙe ko ɗaya ba. Shekara ɗari biyu ke nan suna nan a karkace, kamar an ɗauki hoton gini yana cikin faɗuwa. Na daɗe ina kallon wurin nan fiye da ko'ina.

A ɗaya ƙarshen kuma wani masanin gine-ginen, Giuseppe Valadier, ya bi wata hanyar bayan shekaru kaɗan: ya sake gina bakunan a siffarsu ta asali, amma da bulo, yadda ko yaro zai bambance tsoho da sabo. Haka aka yi wa Ƙofar Titus da ke hanyar dandalin. Asalinta marmara ce mai sassaƙa, gefunan da aka mayar kuwa da wani farin dutse ne daban, ginshiƙansu sumul babu zane. Daga nesa ƙofa ce cikakkiya, in ka matso ka san inda hannun Rumawa ya tsaya. Yarjejeniyar Benis ta 1964, ta ƙasa da ƙasa kan adana gine-ginen tarihi, ta zo ta rubuta wannan a matsayin ƙa'ida: gyara ya tsaya inda kirdado ya fara. Nan na tuna wasu ƙofofin ganuwa a gida da aka rushe aka sake zubawa da siminti, suna nan tsaye da tsohon suna, amma babu tubali ɗaya na magabata a jikinsu.

Ba wai na koma ɗan a-bar-kango-ya-ruɓe ba. Wankin da aka yi wa bangon daga 2013, da Yuro miliyan 25 na kamfanin takalma Tod's, ya cire baƙin hayaƙin motoci, kuma da kuɗin nan aka gyara ramukan ƙasa da aka buɗe a 2021. Ɗan dandamalin katako da aka shimfiɗa a gefe ɗaya na filin ma ya yi amfani: sai da na tsaya a kansa na ɗaga kai na fahimci abin da mai faɗa da zaki yake gani. Amma in an rufe filin duka, an mayar da kujerun marmara da babu wanda ya san ainihin tsarin kowace, to filin wasa sabo za a samu, irin wanda kowace ƙasa mai kuɗi za ta iya ginawa.

Ramukan ƙasan su ne suka halatta kuɗin. Lunguna ne ƙuntatattu, ana ganin gurbin da ake kafa turakun da bayi ke juyawa don ɗaga kejin dabbobi zuwa fili. Ba a shiga da tikitin gama-gari, kuma gurbinsu yana ƙarewa da wuri.

Wanda zai je ya sayi tikiti da makonni, ya zaɓi zagayen farko na safe, ya riƙe fasfo domin da suna ake buga tikitin kuma ana dubawa. Ya gwada rediyonsa kafin a tashi. Kada ya sayi ruwan roba a hannun masu talla, akwai famfunan titi da ruwansu ke zuba dare da rana, mai sanyi, kyauta. In jagoransa bai kai shi wajen tokarin Stern ba, ya zagaya da ƙafarsa, daga waje yake, ba a biyan ko sisi.