Wasiƙa daga Hustan: Yadda Ake Binciken Gara Kafin a Sayi Gida

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Na samu saƙonka game da gidan da dillali ya nuna maka a Tudun Wada, na kuma ga hoton silin falon da ka ce ya ɗan lotsa ta gefen gabas. Ka tambaye ni ko a nan Amurka ma ana fama da gara, ko kuwa sanyi ya hana ta zama. Ana fama da ita ƙwarai, musamman a jihohin kudu irin Teksas inda nake, kuma da yake bara na sayi gida a nan Hustan, na ga yadda suke bi da lamarin daga farko har ƙarshe, shi ya sa na ga ya dace in rubuto maka kafin ka biya kuɗin wancan gida.

Gidajen nan da kake gani a hoto da jan bulo a jikinsu, yawancinsu ba da bulo aka gina su ba. Ƙashin gidan gaba ɗaya katako ne, tun daga ginshiƙan bango har zuwa rufi, jan bulon kuwa riga ce kawai da ake jera masa layi ɗaya daga waje. Daga ciki ana lulluɓe bangon da wani farin allo mai takarda a fuskokinsa biyu, ita ma takardar abincin gara ce. Mu a Zariya idan gara ta shiga gida silin da ƙofofi take ci, ginin bulo yana nan tsaye. A nan kuwa gidan kansa take ci. Kamfanonin inshorar gidaje ba sa biyan ɓarnar gara, domin suna ɗaukarta a matsayin sakacin mai gida. Ƙungiyar masu sana'ar kashe ƙwari ta ƙasar ta taɓa ƙiyasta ɓarnar da kimanin dala biliyan 5 a kowace shekara, ko da yake ya kamata mutum ya tuna cewa masu ƙiyasin su ne masu sayar da maganin.

A Teksas, idan an daidaita kan farashi, mai saye yakan biya ɗan kuɗi kaɗan a ba shi wasu kwanaki, sau da yawa mako guda ko kwana goma, waɗanda a cikinsu yake da ikon fasa cinikin. A waɗannan kwanaki ake kiran masu bincike. Mai binciken gara dole ne ya kasance yana da lasisi daga ma'aikatar aikin gona ta jihar, kuma akwai takarda ta musamman da hukuma ta tsara wadda zai cike ya sa hannu. Wasu basussukan sayen gida, irin wanda gwamnati ke tsaya wa tsofaffin sojoji, ba a sakin kuɗinsu a yankunan da gara ta yi yawa sai an ga irin wannan takarda. Ni dala 100 na biya.

Mutumin da ya zo bai zo da wasu manyan na'urori ba. Tocila ce a hannunsa, da dogon sukundireba, da wata 'yar na'urar auna danshi da yake mannawa a bango. Ya fara zagaya gidan ta waje a sunkuye, yana duba gefen daɓen sumuntin da gidan ke zaune a kai, yana neman hanyoyin laka masu kaurin fensir da gara ke ginawa daga ƙasa zuwa katako, irin waɗanda muke karce wa da tsinke a bangon zauren Baba muna yara. Ya shiga ciki yana ƙwanƙwasa katakon gindin bango da ƙotar sukundireban, inda ya ji amon fanko sai ya soka bakin ya gani. Ya buɗe wata 'yar ƙofa a bayan bahon wanka inda bututu ke ratsa daɓe, ya ce nan ce babbar ƙofar gara a irin waɗannan gidaje, domin ga danshi ga tsaga. Daga nan ya hau cikin rufi ya yi kusan minti ashirin a cikin zafi. Ba gara kaɗai yake nema ba. Takardar ta haɗa da wata baƙar tururuwa mai sassaƙa katako ta yi gida a ciki, da ƙwaron da ke huda itace yana zubar da gari kamar tsaki, wanda muke gani a ƙotar fartanya da ƙafafun kujera.

Bai samu gara mai rai ba, amma ya rubuta abubuwa uku da ya ce suna gayyatar ta: ƙasar lambu da aka tara har ta rufe gefen daɓe a bayan gida, itacen wuta da aka jingina da bango, da ruwan na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a gindin gini. Ya zana taswirar gidan ya sa alama a kowane wuri, sannan ya manna wata 'yar takarda a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin mai ɗauke da sunan kamfaninsa da ranar binciken, domin duk wanda ya zo bayansa ya gani. Da wannan rahoto na koma wa mai gidan, ya kwashe ƙasar ya gyara bututun da kuɗinsa kafin mu sa hannu.

Wannan shi ne abin da na ga ba mu da shi. Ilimin gara kam ba su fi mu ba. Maginan birni sun san ta tun kafin a san sumunti, shi ya sa suka zaɓi azarar giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba, suka yi rufin soro da ita; Masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da laka da azara aka ɗaga bakunansa. Manomi ya san dalilin ɗora rumbu a kan duwatsu, masassaƙi ya san kirya ta fi ƙarfin gara, mai kiwon zabi kuwa har kafa mata tukunya yake yi da kashin shanu da kara ya kama wa 'yan tsaki. Abin da muka rasa shi ne mutumin da aikinsa ke nan ya duba gida a madadin mai saye, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu, a iya kama shi da hannunsa idan ya yi ƙarya. A wurinmu dillali zai ce maka gida lafiya lau, mai gida ya sa a yi sabon fenti, lauya ya duba takardun fili, amma babu wanda zai ɗaga silin ya leƙa. Ga shi kuma mun bar azara mun koma farin katako mai taushi da ake kawowa daga kudu, kafinta ya shafa masa baƙin mai sama-sama, ko ya tsarma maganin katako na Solignum da kananzir har ya zama ruwa, alhali duk inda aka yanka da zarto bayan shafawar a buɗe yake.

Ban ce komai nasu daidai ne ba. Kamfanin da ke bincike sau da yawa shi ne mai sayar da maganin, don haka kafin mutumin ya tafi sai da ya miƙo mini takardar kwangilar shekara-shekara, yana ba ni labarin wata gara da ta shigo musu daga gabashin Asiya ta jiragen ruwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta addabi Hustan da Niyu Olins, shingenta kan cika fitilun titi da magariba a watan Mayu kamar yadda namu ke yi bayan ruwan farko. Garar gaskiya ce, amma tsoron ma haja ce. A ƙasan rahoton kuma an rubuta da ƙananan haruffa cewa abin da ido ya iya kaiwa kaɗai aka duba, ba su da alhakin abin da ke cikin bango.

Maganin nasu iri biyu ne. Ko dai a haƙa ɗan rami kewaye da gida, a huda daɓe, a zuba maganin ruwa irin Termidor, galan 4 a kowace ƙafa 10, wanda gara ba ta jin warinsa, sai ta ratsa ta kwasa ta kai wa 'yan uwanta. Ko kuma a binne 'yan robobi masu abinci mai guba a kewayen gida, irin na Sentricon, gara ta kwasa ta kai gidanta har zuriyar ta ƙare. Tsohon maganin da suka daɗe suna amfani da shi, kulodan, an hana shi tun 1988 saboda daɗewarsa a ƙasa da illarsa ga mutane. Na tuna da wannan ne saboda fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalabe marasa suna a kasuwar Sabon Gari, wadda take kashe garar da ta fito fili, ta bar uwar a ƙarƙashin ƙasa, ta bar yara da shaƙar wari.

Game da gidan Tudun Wada, shawarata ita ce kada ka biya sai ka je da kafinta naka, wanda ba shi da alaƙa da dillalin ko mai gidan, ka biya shi ladan yininsa. Ya cire falle ɗaya na silin a wurin da ya lotsa, ya shiga da tocila, ya soka ƙusa a kowane katako da ya zauna a kan bango, musamman ta gabas inda ruwan sama ke duka. Ku duba gindin gimshiƙan ƙofofi, da bayan banɗaki, da ko akwai kututturen bishiya ko tsohon suri da aka baje a tsakar gida. Ya ɗauki hoton duk abin da ya gani, ya rubuta kuɗin gyara a takarda, da ita za ka zauna da mai gidan a rage farashi. Idan an samu gara mai rai, ka nemi shawarar masana ƙwari na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru kafin ka sayi kowane magani.

Idan kafintan ya zo, ka wuce da shi gida cikin birni ya duba ɗakin da akwatunan littattafan Baba suke. Rabona da ganinsu suna ajiye a ƙasa ne jingine da bangon laka, ga damina ta kusa. A ɗora su a kan benci mai ƙafar ƙarfe, a janye su daga bango kamar taki ɗaya, kuɗin bencin zan turo maka ranar Juma'a in Allah ya yarda.