Rintsawa a kan kujera ko matuƙi na uku?

Ranar da muka raka maniyyatan ƙauyenmu filin jirgin Dutse, wata tsohuwa ta tambaye ni: "Ɗan nan, mai tuƙa mu da daddare ba ya barci ne?" Yana yi, Inna, amma bisa tsari.

Hanya ta farko, matuƙi ɗaya ya rintsa a kan kujerarsa kamar minti 40, ɗayan na riƙe da jirgi. Ba ta cin kuɗi, kuma ƙasashe da dama sun yarda da ita. Haɗarinta magagi. A 2010 jirgin Air India Express ya zarce titin sauka a birnin Mangalore na Indiya, mutum 158 suka rasu, bincike ya nuna kyaftin ya daɗe yana barci kafin saukar. Shi ya sa ake ta da mai barcin tun da sauran lokaci, ya wartsake sosai.

Ta biyu, a ƙara matuƙi na uku, a riƙa karɓa-karɓa, wanda ya sauka ya miƙe ƙafa ya yi barcin gaske. Tana da tsada.

Ni dai a doguwar tafiyar dare, musamman daga ƙarfe 2 zuwa asuba da barci ya fi danne mutum, ta biyu na zaɓa wa iyayenmu.