Rumfar da ta ci mini sama da miliyan, iska ta kai ta gidan maƙwabci

Tun da na saka hoton tsakar gidanmu ranar sallah mutane ke ta damuna, nawa rumfan nan ta ci, wa ya yi maka, don Allah ba mu lambarshi. To ga amsa gaba ɗaya don na gaji da maimaitawa, amma lamba kam ba ni ba kowa, kar gobe wani ya zo ya tsaya ƙofar gidana ya ce ni na haɗa shi da wahala.

Asalin abin uwargida ce ta ga hoto a Instagram, irin rumfan nan ta Turawa da suke ce ma fagola, ginshiƙai huɗu sai katakai jere bisa da 'yar tazara tsakaninsu, fulawa ta hau ta lulluɓe, an aza kujeru ƙasa. Ta ce Baban yara dubi wagga, in munka yi irinta ai azumin bana waje za mu riƙa shan ruwa. Ni ma wallahi ta shiga raina. Gidanmu a Mabera yake, tsakar gidan fili ne fetal, dogonyaron da ke ciki na sa an sare shi shekara uku da sunka wuce don saiwarshi ta fara fasa sokawe, kuma tun ranar nake cizon yatsa. Duk wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Sakkwato ya san in an ce zafi ya haura digiri 40 ba labari ba ne, siminti na tsakar gida sai ya kai bayan isha'i shina huci.

Farkon Fabrairun 2024 na kira wani mai walda da abokin aikina ya haɗa ni da shi, shi kuma ya zo da kafintanshi. Ya duba hoton ya ce Alhaji wannan ai ƙaramin aiki ne (ban je Makka ba fa, amma kun san in za a yi maka tsada sai an fara ba ka Alhaji). Munka auna ƙafa 12 a 16, ginshiƙai na fayif ɗin ƙarfe, sama katako. Bayan ciniki munka tsaya a dubu 620 har da kuɗin aiki, na ba shi dubu 400 kafin alƙalami. Nan kuskurena na farko, ban ce ya je ya saye kayan gaba ɗaya ranar ba. Kun tuna watan nan ne dala ta haukace ta wuce 1,500, kuɗin ƙarfe da safe daban da marece daban. Kwana biyar sai ga shi da murmushi wai Alhaji kaya sun tashi sai ka cika dubu 85. Ban yarda ba, na hau mashin na je kassuwa da kaina na taya, na tarar gaskiyarshi ce, ko da yake har yau ina tambayar kaina kwana biyar ɗin nan ina kuɗɗina sunka kwana.

Sai wuta. Ranar da za a fara walda babu NEPA, kashegari babu, ya ce sai an yi hayar janareta kuma mai a kaina yake, fetur lokacin lita ta haura 600, dubu 30 ta tafi nan. Ƙasan rumfar ma ashe ba ya cikin lissafi, na ɗauka in ka ce a yi maka rumfa har inda za ka zauna ne, ya ce a'a shi sama ya sani. Intalok da yashi da mai jerawa dubu 140.

Amma fa zancen gaskiya da anka gama, ta yi kyau. Mutumin ya iya hannunshi, waldarshi sumul ba irin mai ƙuraje ba, ya sa jan fenti na hana tsatsa kafin ya bi da baƙi, kafintan kuma ya goge katakan ya shafa banish suna ta sheƙi. Daren da Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata nan munka shimfiɗa darduma, yara na ta tsalle, uwargida ta liƙa 'yan fitilun nan masu sola, na zauna ina jin kaina wani babban mutum. Da a daren nan anka ce in ba shi maki da goma bisa goma zan ba shi har da tukuici.

Kashegari, ɗaya ga azumi, na dawo aiki wajen ƙarfe biyu na ce bari in ɗan kishingiɗa ƙarƙashin rumfata. Jama'a babu inuwa. Wato akwai, amma inuwa ce layi-layi kamar zanen atamfa, nan inuwa nan rana, in ka kwanta goshinka na cikin inuwa hancinka na gasuwa. Minti biyar ban yi ba na kwashi tabarmata. Ƙaramar ɗiyata ta dafa ginshiƙin ƙarfen ta fasa ihu don ya yi zafi kamar dutsen guga. Inna ta zo shan ruwa ranar, ta tsaya ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo sannan ta ce, wanga mi na? Na ce Inna rumfa ce ta zamani. Ta ce rumfar da rana ka shiga ai ba rumfa ba ta, akurkin kaji na anka manta ba a rufe ba. Uwargida ta shige kicin ba ta ƙara fitowa ba sai da anka kira salla.

Ashe ita wannan aba a ƙasarsu fulawa ce ke rufe ta, kuma su ranarsu ba irin tamu ba ce, nemanta ma suke. Mun dasa fulawar, har tukunya huɗu, muna saye mata ruwa wajen 'yan ga-ruwa cikin bazara, mu da ke lissafin jarkar wanka. Biyu sun bushe kafin ƙaramar sallah, biyun sun kai tsawon gwiwa sunka tsaya suna kallona.

Shi ne na sake kiran mai waldan na ce a rufe saman da kwano kawai a huta. Ya ce an gama Alhaji, dubu 190. Bai ce mini komi ba, ku riƙe wannan, ko kalma ɗaya bai ce ba. Anka buga kwano, inuwa ta samu amma da rana ƙarƙashin kamar tanda, zafin kwanon na sauko maka bisa kai, sai bayan la'asar ake iya zama. Na ce to ba komi, an rage.

Saura kwana kaɗan babbar sallah, na sayo ragona na ɗaure shi a ɗaya daga cikin ginshiƙan don ya samu inuwa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare hadari ya haɗo daga gabas, irin na farkon damina da ke turo jar ƙura kafin ruwa, wanda ya san shi ya san shi. Ina kwance na ji kwanon ya fara kaɗawa, gwaram gwaram, na ce ma uwargida bari in shigo da rago. Ban kai ga saka takalmi ba na ji wata ƙara kamar tirela ta faɗi cikin gida. Na buɗe ƙofa da tocilan, ƙura ta cika mini ido, da na samu na buɗe sai na ga sama fili. Babu rumfa. Ginshiƙi biyu sun tuge daga ƙasa da ɗan dunƙulen simintinsu a gindi, biyun sun lanƙwashe, rabin rufin ya tsallake katanga ya faɗa gidan maƙwabcina, ragona kuma ga shi can bakin makewayi shina jan fayif ɗin ƙarfe da igiya a wuya shina ta ɓarke baki. Allah ya sa bai shaƙe ba, kuma babban abin godiya zafin nan bai sa yara sun kwana waje ba ranar, don kwana biyu kafin nan ƙarƙashinta sunka kwana. In na tuna wannan har yau gabana faɗuwa yake.

Da asuba na kasa zuwa masallacin unguwa don kunya. Gari na wayewa na yi sallama gidan maƙwabcin, dattijo ne sa'an mahaifina, na tarar kwanona ya fasa mashi fanel ɗin sola guda ya kuma yage rufin kicin ɗin iyalinshi. Na durƙusa na ce Baba a yi mini aikin gafara, ko nawa ne zan gyara. Ya yi dariya ya ce haba ɗana, iska ai ta Allah ce, tashi, tun da ba a rasa rai ba mun gode, ka dai aiko yara su kwashe kayanku. Ya rantse ba ya karɓar ko sisi. Sai ta hannun babban ɗanshi na bi a ɓoye, dubu 45 na gyaran kicin da cikon kuɗin fanel, har yau ban san ko ya sani ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na duba ramukan ginshiƙan. Na sa hannu, ko gwiwar hannuna bai kai ba, ƙafa ɗaya da ɗan wani abu, simintin kuma kana murza shi shina ruguzowa, yashi ne anka nuna ma siminti daga nesa. Buhu huɗu na saya na wannan aiki da hannuna. Na kira mai waldan, kwana biyu bai ɗaga ba, rana ta uku ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu wai Alhaji ai iskar shekaranjiya ko turakun wuta ta kayar, kuma ai kai ka ce a sa kwano, ni abin da ke cikin hoto na yi maka. Na buɗe baki na rasa ta cewa don ta wani ɓangaren yana da gaskiya. Wani tsohon magini da na kira daga baya shi ya fahimtar da ni, ya ce lokacin da saman ke buɗe iska wucewa take ta tsakanin katakai ba ruwanta, ranar da kunka rufe da kwano kun mai da ita laima, iska ta shiga ta ƙasa ta ɗaga, nauyin da gindin nan bai taɓa shirya ma ba. To wannan ni malamin makaranta ne zan sani ko kai mai sana'a? Da ya ce Alhaji in za a sa kwano sai an ƙara zurfin rami, zan ƙi ne? Ya ga dubu 190 ya yi gum.

Tsohon maginin shi ya tada ta. Ya haƙa ƙafa uku-uku, ya sa anka yi walda guntayen rodi a gindin kowane fayif don kankare ya samu abin riƙo, ya zuba da tsakuwa ya ce kar a taɓa sai ta kwana bakwai ana ba ta ruwa. Da sabon fayif biyu da katakan da sunka karye, dubu 160. Kwanon ya ce in sayar, na sayar ma 'yan gwangwan da kuɗin da ba zan faɗa ba don kar ku yi mini dariya.

Ku lissafa da kanku, ni dai littafina ya nuna miliyan ɗaya da dubu 270, a kan abin da anka ce mini dubu 620.

Kuma ban gama ba, don bana na ga wata hanyar ƙasa ta bi bango ta hau har inda katakan sunka jingina, na ƙwanƙwasa biyu na ji su holoƙo. Gara. Mai waldan tun farko ya ce mini jan katako ne mai ƙarfi daga Kudu, ashe an cakuɗa da farin katako an shafe da kala, banish ɗin da rana ta ɓare ne ya tona asiri. Maganin gara da na ba da kuɗinshi ina zaton ko baƙin mai ba a shafa ba. Gidanmu na gado cikin gari rufin azarar giginya ne tun zamanin kakana, har yau gara ba ta ci shi ba, ni kuma nawa na zamani bai rufa shekara biyu ba. Da hunturu kuma kar ku tambaya, kowace safiya sai an bi katakan nan da tsumma in ba haka ba ƙura ta riƙa zubo maka cikin koko.

Abin da kuke gani a hoton nan bisa rumfar, wanda wasu ke tambaya ko daga waje anka kawo, zana ce. Zanar gamba. Inna ce ta aika ƙauye wajen Dange anka saƙo mana guda shida, dubu 24 har kuɗin mota, munka shimfiɗa bisa katakan anka ɗaure da waya. Inuwa luf, ba ta ɗaukar zafi, in ka ɗan yayyafa mata ruwa da la'asar har wani sanyi da ƙamshi ke saukowa, iska kuma ratsa ta take ta wuce, damina guda ta yi ba ta motsa ba. Ruwan sama kam shina zuba, kuma sun ce duk shekara ko biyu sai an sake. Yanzu nan nake cin tuwon dare, nan yara ke karatun allo, Inna in ta zo nan take shimfiɗa buzunta ta ce a kawo mata fura, ba ta taɓa cewa ai na faɗa maka ba amma yadda take kallon zanar ta kalle ni ya isa.

Shi kuwa mai waldan makon jiya ya turo mini saƙo a WhatsApp, wai Alhaji don Allah turo mini hoton aikinmu akwai wani mai son irinta. Na karanta, ban ba shi amsa ba tukuna.